Hukuncin Tururin Kitsen Alade a Ɗakin Gwaji

Tambaya: Allah ya gafarta Malam, ina aiki a wani ɗakin gwajin abinci a Kaduna. Muna ɗumama kitsen alade da na shanu domin mu gano algus, wani lokaci a rufaffiyar kwalba, wani lokaci a buɗaɗɗen kasko. Shin tururin najasa ne? Zan iya salla da rigar aikina?

Amsa: Haramcin cin kitsen alade da najasarsa babu saɓani a kansu, kuma aikinki halal ne, domin tsare abincin Musulmi kike yi.

Kaskon da kika ambata shi ne yake sauya hukunci. A rufaffiyar kwalba, siririn zare ne yake tsotse sinadaran da suka tashi, iskar hiliyam ta ɗauke su cikin na'urar tantance sinadarai da ake kira GC-MS ta rarrabe su, babu abin da ya taɓa ki. A kasko kuwa mai yana fallatsa, kuma ɗigon da ya sauka a rigarki kitsen ne da kansa, wajibi ne ki wanke shi kafin salla.

Za ki ji masu cewa tururin ma najasa ne, suna kafa hujja da Mukhtasar na Shehu Khalil, inda ya lissafa tokar najasa da hayaƙinta cikin najasa, kuma haka Shafi'awa suke gani. Sai dai Shehu Dardir ya bayyana a sharhinsa cewa abin dogaro a mazhabar Malikiyya shi ne tsarkinsu, Ibnu Taimiyya ma a kan haka yake, saboda abin ya canza zati. Sana'arki tana ƙarfafa wannan, domin abin da zafi yake fitarwa, irin su sinadaran hekzanal da nonanal, ɓaraguzan kitse ne bayan iska ta farfasa shi, kuma hekzanal ɗin da ya fito daga alade bai bambanta da na man gyaɗa ba. Da me za a najasta ɗaya a tsarkake ɗaya? Da ra'ayin masu najasta tururin ya tabbata, da duk wanda ya ratsa hayaƙin juji sai ya wanke tufafinsa.

'Yar'uwa, tsarkin tururi ba izinin shaƙarsa ba ne, domin kitse mai tsananin zafi yana fitar da akrolin mai illa ga huhu, don haka ki tsaya ƙarƙashin na'urar zuƙe hayaƙi. Sannan tunda sinadaran da ke fita daga kitsen alade suna cikin kitsen shanu da na tumaki ma, bambancin a yawansu ne, kada ki sa hannu a rahoton da zai tuhumi mahauci da algus sai gwajin DNA ya tabbatar. Ki ware rigar aiki daban, ki bar wasiwasi. Wallahu a'alam.