Hukuncin sayen hannun jarin kamfanonin cif bisa hasashen kasuwa

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na ɗan tara kuɗi, ina son sayen hannun jarin Nvidia ko TSMC ta manhajar waya, don ina ganin buƙatar cif za ta ƙaru. Abokina ya ce caca ce. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, cif, wato ƙwaƙwalwar da ke cikin waya, mota da kwamfuta, kaya ne na halal. Nvidia na cikin masu zana shi, TSMC ta Taiwan na cikin masu ƙerawa, mai hannun jari kuma abokin tarayya ne a wannan sana'a. Allah Ya halatta ciniki, Ya haramta riba (Baƙara: 275).

Hasashen buƙata ba caca ba ne, ba kuma da'awar sanin gaibu ba. Ɗan kasuwar da ya sayi buhunan gero da kaka, ya jibge a sito yana sauraron bazara, shi ma hasashe ya yi. Sai dai ka binciki wa ke sayen cif ɗin, kuma har yaushe. A 2021 ƙarancinsa ya tsayar da masana'antun mota. A 2023 cif na adana bayanai ya yi kwantai har Samsung ta rage ƙira. Ranar 27 ga Janairu 2025 hannun jarin Nvidia ya faɗi da kusan kashi 17 cikin ɗari a wuni guda, saboda labarin DeepSeek, wani kamfanin ƙirƙirarriyar basira (AI) na ƙasar Sin. Wanda ya shiga don ya ji ana shiga, shi nake jiye wa.

Inda malamai suka saɓa shi ne kuɗin ruwa. Majalisar Fiƙihu ta Jidda a 1992 ta ce asali haramun ne shiga kamfanin da ke taɓa riba ko da sana'arsa halal ce. AAOIFI, hukumar da ke tsara ƙa'idojin Shari'a ga cibiyoyin kuɗi na Musulunci, ta sassauta: bashin ruwa kada ya wuce kashi 30 na darajar kamfanin a kasuwa, ajiya mai kuɗin ruwa ma haka, kuɗin shiga na haram kada su wuce kashi 5, sannan a cire kason nan a bayar ga mabuƙata. Ina rinjayar da wannan saboda buƙatar mutane, muddin kana duba rahoton kamfanin duk lokacin da ya fito. Wanda ya bari don tsantseni ya kyauta.

Manhajar ma a duba ta. Idan hannun jarin bai zama mallakinka ba, farashi kawai kake cinka kamar a CFD (yarjejeniyar cin bambancin farashi), ko dillali ya ranta maka da ruwa, ko ka sayar da abin da ba ka mallaka ba, to haramun ne. Annabi (SAW) ya ce wa Hakim ɗan Hizam: "Kada ka sayar da abin da ba ya wurinka." A nan abokinka yana da gaskiya.

Wallahu a'alam.