Amsa ga ƙanenmu mai hular kwanon rezin: ka ajiye fentin tukuna

Assalamu alaikum 'yan gida. Ƙanena, na ga hotunan da ka turo na hular kwanon Mandalorian ɗin, irin ta mayaƙan nan na finafinan Star Wars, da ka yi oda daga waje, na kuma ji tambayarka: wai ta iso da kaushi, ga layi ya ratsa ta, ba a huda wurin ido ba, shin ka fesa mata fenti ne kawai ko yaya. Rubutu zai yi yawa, shi ya sa na ce bari in yi murya. Ku yi haƙuri, za ta ɗan yi tsawo.

Da farko dai ba a cuce ka ba. Haka ake sayar da su, ɗanye. Wanda ya yi ta ruwan rezin, wata irin roba mai daskarewa ta yi tauri, ya zuba a cikin mol na silikon, wato mazubi mai siffar hular, ya yi ta jujjuya shi har ruwan ya bi bango ya daskare. Shi ya sa in ka leƙa ciki za ka ga wani wuri ya yi kauri wani wuri ya yi siriri. Ɗaga ta ka haska tocila ta ciki, duk inda haske ya ratso sosai, to wurin ba shi da ƙwari, ka yi masa alama da fensir. Layin nan da kake gani kuwa mahaɗar mol ce. Shi aikinsa ya ƙare a nan, sauran naka ne.

To wannan gwangwanin fentin da na hango a gefen hoton, don Allah ɗauke shi ka kai ɗaki. Sai nan da mako biyu za ka neme shi, in ka yi sauri ke nan.

Wanka za ka fara yi mata. Ba wasa nake ba. Akwai wani mai da suke fesa wa mol don kada rezin ya manne, yana nan a jikinta ko da idonka bai gani ba. In ka yi fenti a kansa, zai riƙa tsattsagewa yana yin ƙananan ramuka kamar idon kifi, ko ya bushe ya ɓare kamar ɓawon albasa. Ruwa mai ɗumi, ba mai zafi ba, sabulun wanke-wanke na ruwa irin Morning Fresh, da tsohon buroshin haƙori don lungu-lungu. Ciki da waje, sau biyu. Kuma ka wanke kafin ka sa sanfefa, don in ka fara gogewa, man kake turawa cikin jikinta.

Sai yanka wurin ido, wannan mai siffar harafin T. A nan ne mutane suke kuka, don abin da ka yanke ba ya dawowa. Ka zana layi da fensir, ka bar kamar milimita 2 ko 3 daga ainihin bakin da kake so. Ka huhhuda ramuka da diril a kowace kusurwa, ramin ne yake hana tsaga ta zarce. Sannan ka haɗa ramukan da ɗan injin yanka na hannu, Dremel, in kana da shi, in babu, ƙaramin zarto ma ya isa, haƙuri kawai yake so. Ragowar kuma magagari ne zai ci, a hankali, kana yi kana ɗagawa kana dubawa daga nesa. Wani abu da ba a faɗa: da zarar ka cire tsakiyar nan, kumatun biyu sun rasa abin da yake riƙe su, za su iya buɗewa ko su shige ciki. Ka bar ɗan guntu a can ƙasa ya haɗa su, kada ka yanke shi sai ranar da za ka sa gilashi.

Kafin in manta, ƙurar abin nan ba ta da kyau ga huhu. Ƙyallen da muka riƙa ɗaurawa lokacin korona ba zai yi ba, nemi takunkumi irin na masu fentin mota, mai matata a gefe, da tabarau. Kuma a tsakar gida, nesa da madafa da yara.

Yanzu gugar. Layin mahaɗa ka fara shi da sanfefa mai lamba 120, ka naɗe ta a jikin ɗan katako, kada ka goga da yatsa zalla, yatsa rami yake yi. In layin ya kwanta ka koma 220, sannan 400 da ruwa. Da ruwa ya fi, ƙura ba ta tashi, takardar kuma ba ta toshewa. Amma ka kula da gefuna masu kaifi, irin na kumatu da tudun nan da ya bi ta tsakiyar kai. Kyan hular nan duk a kaifin layukanta yake. In ka cinye su ta zama kamar ƙwarya, ba fentin da zai gyara.

Kana cikin guga za ka ga ƙananan ramuka suna fitowa kamar an soka allura. Iska ce da ta maƙale lokacin zubi. Kada ka shafa abu a kai haka nan, bakin ramin ƙarami ne cikinsa kuma da faɗi, sama kawai za ka rufe. Sa tsinin wuƙa ka ɗan buɗe shi, sannan ka cike. Ƙanana, ɗigon sufa gulu ka barbaɗa masa bekin soda, nan take ya zama dutse. Sai dai ka goge shi da wuri, in ya kwana ya fi rezin ɗin tauri, sai ka cinye gefe shi yana nan tsaye. Manya kuma bodi fila, wanda masu gyaran jikin mota suke amfani da shi. Ba sai ka sayi gwangwani guda ba, je garejin unguwarku a ɗiba maka. Kwaɓa kaɗan-kaɗan, don cikin minti 4 ko 5 ya fara kamawa, a zafin nan namu ma bai kai haka ba.

Daga nan faraima, wato fentin shimfiɗa da ake fesawa kafin ainihin fenti, mai ruwan toka. Ni a wurina faraima ɗan tonon asiri ne. Ka gama guga kana ganin ka yi aiki, ka fesa, sai ga ramuka da karce duk sun fito suna kallonka. Kada ranka ya ɓaci, aikinsa ke nan. Ka cike, ka goge, ka sake fesawa. Sau uku, sau huɗu, har ka rufe ido ka shafa da hannu ka ji babu inda ya tsaya maka. Wallahi kashi mafi yawa na aikin nan a wannan zagayen yake, kuma shi ne wanda ba wanda yake ɗorawa a sitatus.

Maganar zafi. Rezin yana laushi in ya ji zafi. Ni na taɓa barin tawa a bayan mota na shiga ɗaurin aure, ban fi awa biyu ba, na fito na tarar gefe ɗaya ya lotsa kamar an zauna a kai. Amma wannan halin nata shi ne kuma maganinta. Ka ce tana matse maka kunne in za ka sa. Hura mata iskar diraya ta gashi a wurin, kana yawo da ita kada ka tsaya wuri ɗaya, in ta yi laushi ka buɗa a hankali, ka tokare da guntun katako har ta huce. Wuraren nan marasa ƙwari da ka yi wa alama, ka karce su ta ciki da sanfefa mai kaushi, ka shimfiɗa ƙyallen faiba, wato na zaren gilashi, da gam ɗin efoksi, wannan mai haɗi biyu da ake kwaɓawa. Ba karce, ba kamu.

Gilashin ido, nemi baƙar robar nan ta garkuwar fuska ta masu aikin ƙarfe, mai lanƙwasuwa. Yi samfur da kwali tukuna, ka yanka ta ta fi ramin faɗi. Kada ka manna da sufa gulu, tururinsa yana sa roba ta yi fari fat kamar hazo. Gam mai zafi na bindiga yana yi, amma a rana yana saki. Ni na fi son in manna ƙananan noti da efoksi ta ciki in ɗaure, ko ya karce sai in kwance in sake. Kuma sai an gama fenti ake sa shi.

Gyaran da nake ganin ya zama dole a ƙasar nan shi ne fanka. Waɗanda suka zana abin nan ba su san watan Afrilu a Kano ba. Ƙananan fankoki biyu masu bolt 5, irin na cikin kwamfuta, ɗaya a kowane kumatu suna hura gilashi, ka haɗa da fawa bank. Gwada tukuna, wasu fawa bank ɗin suna kashe kansu in abin da aka jona ba ya jan wuta sosai. Soso kuma a goshi, da ƙeya, da saman kai, kada ka cika ko'ina, bar wa iska hanya.

Launi kuwa ya danganta da wanda kake so. In mai sheƙin azurfar nan ne na shirin The Mandalorian da ya fito a 2019, baƙi mai ƙyalli ake fara fesawa, ya bushe sosai, sannan a murza garin girafait, wato abin da ke cikin fensir, da auduga. Kuma wannan ba ya ɓoye aibi ko ɗaya, duk karcen da ka bari sai ya nuna. In irin na Boba Fett ne, wani mayaƙin na Star Wars, mai kore da ƙujewa, azurfa a ƙasa, ka ɗiɗɗiga man goge baki inda kake son ƙujewar, ka fesa kore, in ya bushe ka wanke. Kada ka haɗa fentin kamfani biyu ba ka gwada a wani abu ba, wani yana cin wani ya yamutse. Kuma ban da fesawa ranar da hazo ya sauko.

Abu biyu na ƙarshe. Wannan ta ado ce, ba ta hawa babur ba, in ka faɗi fashewa za ta yi. Kuma kada ka rufe fuska da ita ka fita titi, ka san halin da ake ciki, a jaka za ka kai ta duk wurin taron da za ka sa ta.

Yanzu dai je ka wanke ta. In ta bushe ka haska tocilar ka turo min hoton cikin, ina so in ga kaurin kumatun nan kafin ka sa mata zarto.