Tsanin silin ba a jikin silin yake rataye ba

Jiya muna ɗaure kaya ka tambaye ni: tunda tsanin nan mai naɗewa na hawa cikin silin da Alhaji ya sayo ya zo da firam ɗinsa da murfinsa, me zai hana mu yanke silin daidai girmansa, mu kafe shi jikin tu-bai-tu, siririn katakon nan mai inci biyu-biyu, mu karɓi kuɗinmu kafin azahar? Na yi shiru ne don mai gidan yana tsaye. Yanzu saurara, yarona.

Tu-bai-tun da kake gani a sama an jera shi ne ya riƙe allon silin, ba ƙato ba. Duba jikin kwalin, an rubuta kilo 150, buhun siminti uku ke nan. A Amurka, inda ake yawan amfani da irin wannan tsani, katakan silin nasu masu kauri ne, ana jera su da tazarar inci 16 ko 24. Shi ya sa nasu yakan zo da faɗin inci 22 da rabi, tsawo 54, ya shige tsakanin katako biyu masu tazarar inci 24 ba a yanke komai ba. Na hannunmu ɗan Turai ne, santimita 60 da 120. Rufinmu ba a yi shi don wannan ba, saboda haka mu za mu gina masa abin da zai rataya.

Kada zarto ya taɓa silin sai ka hau ka gani da idonka. Ka hau da sassafe, don ƙarƙashin kwano da rana tanderu ne. Ka duba wayoyin wuta da bututun ruwa, sannan ka nemo katakon da ya ɗaure ƙafafun rafta daga bango zuwa bango. Wannan ko mai gida ya ce a nan yake son ƙofar, ba a yanka shi. Shi ke hana rufin buɗewa. Ka yanke shi yau, iskar farkon damina za ta tona maka asiri. Ramin ake matsarwa. Ni na fi son korido, bangwaye biyu suna kusa, sai dai ka auna ko tsanin zai samu filin warwarewa ba tare da ya bugi bango ko ƙofa ba. In kuma silin tsohon asbestos ne, kada ka yanka shi, ƙurarsa tana lalata huhu. Cire allon ɗungurungum.

Tu-bai-sikis, wato katako mai inci biyu da shida, guda biyu za mu shimfiɗa su hau kan bango ta kowane gefe, a tsaye bisa kaifinsu, ba a kwance ba. Busasshen katako, a shafe shi da maganin gara. Sai gajeru a gicciye, bibbiyu a kowane kai. Ramin ya ɗara firam da kamar santimita ɗaya.

Daga ƙasa ka kafa filanki biyu na wucin gadi a bakin ramin, su ɗan leƙo ciki, firam ya zauna a kansu, amma kada su tare murfin. Aikin mutum biyu ne, ɗaya sama ɗaya ƙasa, kuma babu mai taka tsanin tukuna. Igiyar da aka ɗaure shi da ita ka bar ta, sifirin ɗin nan a ɗame yake, yana iya fasa maka baki.

Ga inda ake gane kafinta. Kafin ka ɗaure, ja tef daga kusurwa zuwa kusurwa, sannan ta ɗaya gicciyen. In awon biyu bai zo ɗaya ba, firam ya karkace, murfin zai riƙa cijewa har abada. Cusa 'yan siraran katako a ratar har su daidaita, sannan ka ɗaure ta cikinsu da manyan sukurori masu kan noti, inci uku, bayan ka huda. Baƙaƙen siraran nan na allon jifsam kada in gan su a wurin. Ba sa lanƙwasa, karyewa suke yi farat ɗaya.

Yanke ƙafa shi ne na ƙarshe, kuma sai an gama tayil. Buɗe murfin sosai, miƙe sassan sama, naɗe na ƙasan baya, ka auna zuwa ƙasa ta gaba da ta baya, kowace ƙafa da awonta, don daɓenmu ba kullum yake daidai ba. Ina yaro na taɓa auna ƙafa ɗaya na yanke biyu, ɗayar ta tsaya tana lilo, maigidana ya cire kuɗin a aljihuna. Ka rage kaɗan-kaɗan. In ya zauna daidai, gaɓoɓin za su haɗe ba rata, tsanin ya miƙe sak.

Abu ɗaya ya rage. Yawancinsu an yi su ne don ɗaki mai tsayin mita 2.8, namu kuwa sau da yawa mita 3 ne. In ya gaza, ba a yi masa ƙari da bulo, canzo shi ake yi. Gobe kafin ka buɗe kwalin, fara auna tsayin koridon, kuma ka taho da tocila.