Likita, Baba Ya Gama Maganin Tarin Fuka Amma Tarin Jini Ya Dawo

Tun da damina ta kankama a Jos, tambayoyi kan fumfuna suka yawaita. Ga uku daga ciki.

Assalamu alaikum likita. Mahaifina ya sha maganin tarin fuka wata shida, aka ce ya warke. Bayan shekara biyu tari ya dawo, da jini a kaki, ga rama. An gwada kakin sau biyu ba a ga komai ba, amma ana so a mayar da shi kan maganin. Daga Rikkos.

Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya. Kafin a mayar da shi, ku nemi a duba ko fumfuna ce. Tarin fuka yakan bar kogo a huhu bayan an warke. Akwai fumfunar da ake kira Aspergillus, tana cikin ƙasa, da juji, da buhun hatsin da ya sha danshi. Dukkanmu muna shaƙar ƙurarta kullum, garkuwar jiki ta share ta. Amma idan ta samu kogon nan sai ta tare, ta dunƙule kamar curin fura. A hoton ƙirji ana ganin curin, har idan aka juya majinyaci aka sake ɗauka, sai a ga ya gangara ɗaya gefen.

Abin da ke damuna shi ne alamunta da na tarin fuka kamar an tsaga kara, shi ya sa ake ta ɗirka wa bayin Allah maganin da ba nasu ba. Ku kai Baba babban asibiti, a yi hoton CT na ƙirji, wato hoton da ke nuna cikin huhu dalla-dalla, da gwajin jini na Aspergillus. Maganinta itraconazole ne ko voriconazole, aƙalla wata shida. Ku kula: rifampicin da ke cikin maganin tarin fuka yana karya ƙarfinsu, ba a haɗa su da ka. Idan jinin da yake tarowa ya yi yawa, ko tsakar dare ne ku tafi asibiti. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin fumfuna 19 masu haɗari, wannan tana sahun farko.

Likita, 'yan tsakina suna haki baki buɗe suna mutuwa. Likitan dabbobi ya ce fumfuna ce. Zan iya ɗauka? Daga Bukuru.

Malam, Allah ya mayar da alheri. Kaza ba ta shafa wa mutum, amma ƙurar da ta kashe su kai ma kana shaƙa. Ka kwashe jiƙaƙƙiyar dusar katako da abincin da ya dunƙule, ka sa takunkumi, kada mai asma ko wanda ya taɓa tarin fuka ya taya ka. Don tabbaci, kai gawar cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom. Idan aka tsaga, akan ga ƙuraje a huhu kamar ƙwayar gero.

Ina da ciwon suga. Baƙar fumfunar da aka yi a Indiya tana nan kuwa? Wata uwa daga Gangare.

Hajiya, ƙurarta tana ko'ina a duniya, sai dai kamuwa ba kasafai ba. A Indiya, a 2021 lokacin korona, ta kama sama da mutum 40,000, akasarinsu masu suga da aka ba magunguna irin su dexamethasone. Takan fara da toshewar hanci gefe ɗaya, ciwon fuska, kumburin ido, sai baƙin tabo cikin hanci ko saman baki. Ganin haka ba a kwana, don sai an haɗa tiyata da allurar amphotericin B. Ki riƙa auna suganki. Kuma ki ja kunnen 'yan matan gida masu shan sha-ka-fashe don ƙiba: yawanci dexamethasone ɗin nan ce a ciki, tana ta da suga, tana kuma raunana garkuwar jiki.