Furotin ɗin da aikinsa dillanci ne

Ƙanina daga Marwa, ka tambaya me ya sa masu binciken ciwon daji ke ƙera furotin irin su Grb2 a ɗakin gwaji, alhali ba magani ba ne.

Ka tuna dillalin kasuwar shanu ta Bogo. Ba shi da sa ko ɗaya, amma sai ya haɗa hannun mai saye da mai sayarwa ciniki ke faɗawa. Haka Grb2 yake a cikin ƙwayar halitta. Sashensa na SH2 yana kama mai karɓar saƙon girma, EGFR, bayan an ɗora wa EGFR ɗin sinadarin fosfet, sassansa biyu na SH3 kuma su riƙo wani furotin mai suna SOS, shi kuma SOS ya tada furotin Ras. Daga nan umarni ya wuce cewa ƙwayar ta rabu biyu. A sankarar jini ta CML, gurɓataccen furotin BCR-ABL yana maƙale wa Grb2, sai saƙon ya ƙi tsayawa.

Ƙera shi kuwa, ana saka ƙwayar gadonsa cikin bakteriyar E. coli, ta yi ta samar da shi, a tace shi tsaf. Da shi a hannu kake gwada ko wani sinadari zai raba wannan haɗin. Wannan fannin yana burge ni ƙwarai.

Amma kula da sanyi, don a firiza ake ajiye furotin ɗin. Na taɓa buɗe firiza a Ngaundere bayan wuta ta ɗauke kwana biyu, furotin ɗin da ke cikin 'yan kwalaben duk ya narke, aikin wata uku ya tafi.