Layi biyu na fita waje, amma bayan magariba sai manhaja ta riƙa tsalle tsakaninsu

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina kula da na'urorin wani ƙaramin kamfanin intanet a Njamena. Muna da layi biyu na fita waje, ɗaya ta Kamaru, ɗaya ta Sudan, kowanne megabit 500. Mun sa manhajar da ke auna hanyoyi tana zaɓar mafi kyau da kanta. Da safe lafiya lau, amma bayan magariba sai ta riƙa sauya layi duk bayan 'yan mintoci, kiran WhatsApp yana yankewa. Ko ta lalace ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Manhajar lafiyarta ƙalau, garaje ne ya yi yawa a saitinta.

BGP, wato tsarin da kamfanonin intanet ke sanar da juna hanyoyin kaiwa ga adireshinsu, shi kaɗai ba ya auna jinkiri ko ɓacewar bayanai. Lambar fifiko yake dubawa, wadda take 100 in ba a taɓa ta ba, sannan gajartar jerin AS, wato jerin lambobin kamfanonin da hanyar ta ratsa. Wannan giɓin manhajar ke cikewa: tana duba NetFlow, wato rahoton zirga-zirgar bayanai da na'urorinku ke fitarwa, ta ga inda kwastomomi suka fi zuwa, ta aika gwaji ta layukan biyu. Kayan da ke fita, lambar fifiko take ɗagawa ta karkatar da su. Masu shigowa kuwa, waɗanda su ne suka fi yawa a wurinku, sai dai ta maimaita lambar AS ɗinku a sanarwar layin da take son sauƙaƙa wa, don hanyarsa ta zama kamar ta fi tsawo.

Inda gizo ke saƙar shi ne, gwajin yana auna layi ne kafin a ɗora masa kaya. A ce na Kamaru yana ɗauke da 480, na Sudan 220. Manhaja ta ga na Sudan fayau, ta kwashe 300 ta zuba masa, ya cika ya tumbatsa, na Kamaru ya koma fayau, sai ta sake juyowa. Kuma ba ku kaɗai ba ne. Chadi ba ta da teku, hanyoyin fayiba na fita ƙasar kaɗan ne, don haka maƙwabtanku ma a kansu suke. In su ma suna da irin manhajar, tare za ku hango hanya ɗaya ku afka mata, kamar masu babur a gidan mai da suka hango layin da ya fi gajarta.

Gyaran yana cikin saiti. Kada ta sauya sai sabon layin ya fi tsohon da tazara mai kauri, misali kashi 20 cikin 100 na jinkiri, kuma a gwaji uku a jere. Bayan sauyi ta zauna aƙalla minti 15, ka ƙara mata wasu mintoci da za ta riƙa zaɓa barkatai tsakanin 0 da 10, don kada agogonku ya zo ɗaya da na maƙwabta. Wannan ƙarin shi aka fi mantawa da shi, alhali shi ke raba ku da tururuwar. Ta riƙa kwasar kaya kaɗan kaɗan, megabit 30 zuwa 50, ta sake aunawa, kuma ta daina zuba wa layi da zarar ya kai kashi 80. A ganina ɓacewar bayanai ta fi cancantar sauyi fiye da bambancin milisakan 10.

Sanarwar shigowa kuma kada a riƙa taɓa ta da yawa. Kowane sauyi sai ya zaga duniya, kuma wasu manyan kamfanoni suna danne sanarwar da ke yawan kai-komo. Gara ka raba adireshinku gida-gida, kada kowanne ya gaza /24, wato adireshi 256, don ba a karɓar ƙasa da haka, ka jingina kowane kashi da layinsa, babbar sanarwar da ta haɗa adireshin duka kuma ta bi layukan biyu.

Batun yankewar kira, duba adireshin da kuke fita da shi. In na masu ba ku layi ne, kowane sauyi yana canja adireshin kwastoma, kira ya mutu nan take. Sai kun karɓi lambar AS da adireshin kanku daga AFRINIC, hukumar da ke raba su a Afirka, kafin kira ya iya tsallake sauyin layi.