Ɓatan Wata da Shigar Ciki: Rana Ɗaya Ce Ko Biyu?

Wata baiwar Allah ta aiko da tambaya: "Malam, na yi ɓatan wata da sati ɗaya kacal, na je awo, aka ce cikina sati biyar ne. Ta yaya? Shin ɓatan wata da shigar ciki ba abu ɗaya ba ne?"

'Yar'uwa, ba abu ɗaya ba ne, kuma Hausa da kanta ta raba su. "Ɓatan wata" magana ce ta sakaya. "Wata" a nan jinin al'ada ake nufi, wanda ke zuwa wata-wata. Ranarsa ta zo bai zo ba, sai a ce ya ɓata. Kalmar tana ba da labarin ranar da mace ta farga ne kawai. Shi kuwa "shigar ciki", ko "ɗaukar ciki", ya riga ya faru a ɓoye kafin nan. Ki lura da aikatau ɗin: ciki ne ke "shiga", kamar baƙon da bai yi sallama ba, sai daga baya laulayi ya sanar da zuwansa.

Ma'aikatan asibiti ba daga ɗaya cikin ranakun nan biyu suke fara ƙirga ba. Suna farawa ne daga ranar farko ta al'adar ƙarshe, domin ita ce ranar da mace za ta iya nunawa da yatsa a kalanda. Daga nan zuwa haihuwa kwana 280 ne, wato sati 40. Ga macen da al'adarta ke zagayowa duk kwana 28, ƙwai yana fitowa wajen kwana na 14, a nan ne ciki ke shiga. Ki ɗauka jini ya fara miki ran 1 ga Maris. Cikin zai shiga wajen 15 ga Maris, ki yi ɓatan wata wajen 29 ga Maris. A ranar, likita zai rubuta sati huɗu, alhali abin da ke mahaifa satinsa biyu. Ƙara satin da kika jira, sati biyar ke nan. Ba su yi kuskure ba, ke ma ba ki yi ba. Ranar haihuwa kuma da ƙa'idar wani likitan Jamus, Franz Naegele, wanda ya rasu a 1851, ake kintata ta: a ƙara kwana 7 a kan ranar farko ta al'adar ƙarshe, a koma baya wata 3, sai a faɗa wajen 8 ga Disamba.

Abin da ke faranta mini rai a nan shi ne "wata tara" da muke faɗa. Mutane kan ce ai sati 40 ya fi wata tara, don haka maganar kakanninmu kintace ce. Ku lissafa da watan sama. Daga tsayuwar jinjirin wata zuwa na gaba kwana 29 da rabi ne. Sau tara, kusan kwana 266 ke nan, kuma kwana 266 shi ne matsakaicin tsawon ciki daga shigarsa zuwa haihuwa. Wata tara ya dace da ƙirga daga shigar ciki, asibiti kuma daga al'adar ƙarshe yake ƙirga.

Sai dai ina roƙon kada a mai da wannan lissafi hujjar zargi. Maniyyi na iya rayuwa har kwana 5 a jikin mace, ƙwai kuma ba ya wuce yini ɗaya, ga shi ba kowace mace ce al'adarta ke bin kwana 28 ba. Abin da lissafi ke bayarwa 'yan kwanaki ne a jere, ba dare ɗaya tak ba. Ga kuma wadda ta yi kwanika, ko gwanne a bakin wasu, wato ta samu ciki tana goyo. Sau da yawa al'ada ba ta ma dawo mata ba, babu watan da zai ɓata. Irinta, hoton ciki na watanni ukun farko, inda ake auna tsawon ɗan tayi daga ka zuwa mazaunai, shi ya fi kusantar gaskiya.

Wani ɗan'uwa kuma ya tambayi asalin "bakwaini". Daga "bakwai" ne: jaririn da aka haifa a wata bakwai. Yau an faɗaɗa ta, duk wanda ya zo kafin watansa ana kiransa haka, kuma a asibiti iyakar ita ce cika sati 37.

Tambaya ta ƙarshe: "Ranar wanka ba a ɓoyon ciki ne, ko cibi?" Cibi ne, malam, wato cibiya, musamman wadda ta turo waje. Mai ita yana rufe ta da riga kullum, amma ran da ya tuɓe don wanka dole a gani. Ana faɗar karin maganar idan an zo inda ɓoye-ɓoye ba shi da amfani. Na gane dalilin da ya sa kunne ke jin "ciki", don ma'anar ta zauna da mai juna biyu zama mai kyau. 'Yar'uwa ta farko, da ke nake: in ungozoma ta tambaye ki ranar da jinin al'adarki ta ƙarshe ya fara, faɗa mata yadda take, in kuma kin manta, ki ce kin manta a yi miki hoto. Allah ya raba lafiya.